Amana da Hisabi: Nazari a kan Auna Aikin Malami a Makarantun Addini na Ƙasar Rano da Kibiya

Gabatarwa

Akwai wata magana da takan kashe baki duk lokacin da aka tayar da zancen yadda malaman makarantun addini suke gudanar da aikinsu. Da zarar wani uba ko ɗan kwamitin makaranta ya nemi sanin dalilin da ya sa yaro ya shekara uku bai wuce izu biyu ba, sai a ce masa ai malam don Allah yake yi. Daga nan jikin kowa ya yi sanyi, domin babu mai son a ce shi ne ya tuhumi mutumin da ya ba da lokacinsa ga Alƙur'ani. Wannan maƙala za ta dubi wannan magana ta fuskar tauhidi da fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar Rano da Kibiya, don a ga ko yin aiki don Allah yana ɗauke wa mutum bincike, ko kuwa ƙara masa nauyinsa yake yi.

Abin da ake nufi da auna ƙwazo a nan shi ne abin da masana harkar gudanarwa suke nufi, watau a yi yarjejeniya a kan abin da ake so ma'aikaci ya cim ma, a riƙa bin sawun aikin yana gudana, a zauna a yi lissafi a ƙarshen wa'adi, sa'an nan a saka wa wanda ya yi ƙoƙari, a gyara wa wanda ya gaza. Wani masani, Peter Drucker, shi ne ya yayata wannan tsari na gudanar da aiki bisa manufa a wani littafi da ya fitar a Amurka cikin 1954, kuma Kwamitin Udoji ya ba da shawarar a shigo da shi aikin gwamnatin Nijeriya cikin 1974. Saboda ta wannan ƙofa ya shigo, mutane da yawa sun ɗauka kayan boko ne, bai dace da makarantar addini ba.

Ƙasar da makarantunta

Rano tana cikin Hausa Bakwai, ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Ta daɗe a ƙarƙashin Kano, har zuwa 2019 da aka ɗaga ta ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. An rushe wannan tsari a watan Mayu na 2024, aka sake kafa ta a watan Yuli na shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Abin da ya fi shafar wannan nazari shi ne cewa ƙasa ce ta manoma. Tun daga Rurum har zuwa Tarai da Saya-Saya, malamin makaranta manomi ne, ɗalibinsa kuma ɗan manomi ne. Da damina gona ce take da iko da safiyar kowa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani a filayen Kadawa da Bunkure ya zo ya raba lokacin da a da na karatu ne zalla, domin rani shi ne lokacin da almajirci yake kankama. Duk wani ma'auni da aka zo da shi daga ofis wanda bai san da wannan kalanda ba, a takarda zai ƙare.

Makarantun addini a nan, kamar sauran ƙasar Kano, iri uku ne. Akwai makarantar allo, wadda babbarta ita ce tsangaya. Akwai makarantar ilimi ta zaure, inda manya suke bin littattafai ɗaya bayan ɗaya, daga Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, mai dogon zango ya kai Muhtasar. Sai kuma Islamiyya mai aji da benci da allon bango, wadda ta fara yaɗuwa a Kano tun shekarun 1950, da hannun irin su Malam Aminu Kano a ciki, kuma ita ce ta fi jan yara mata.

Ma'aunin da aka gada

Wanda ya ce tsangaya ba ta san awo ba, bai zauna cikinta ba. Da wuya a sami wata makaranta da ta kai ta tsanani wajen tantance abin da ɗalibi ya iya. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya kai ga haɗa baƙi da rubuta allonsa da hannunsa. Ba a wanke allo sai an biya karatun da ke kansa a gaban malam ko gardin da ya wakilta, ba a kuma yin ƙari sai an wanke. Ke nan jarrabawa ce ta kullum, ta mutum ɗaya ɗaya, wadda babu satar amsa a cikinta, domin baki ne yake amsawa, malam kuma yana saurare. Bayan sauka sai tishe, bayan tishe sai hadda. Sunayen da ake kiran mutane da su ma matakai ne: ƙolo, titibiri, gardi, alaramma, gwani. Babu ɗaya daga ciki da mutum yake ba kansa.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne sama. Mahaddacin da ya kai matakin satu yakan rubuta karatunsa da ka a babban allo, ya kai wurin darasu, inda masana suke bin rubutun baƙi bayan baƙi, su duba wasali da ɗauri da shadda da madda da wuraren tsayawa, bisa riwayar Warshu da ƙa'idar rubutun da aka gada. Kuskure ɗaya ba ya wucewa don girman mai shi. A musaffa kuwa, inda mahaddata suke karɓa-karɓar karatu, wanda ya yi tuntuɓe nan take za a tsayar da shi, ko da furfura a gemunsa, kuma ba a ɗaukar wannan cin fuska. Gwaninta ma sai gwanaye sun gwada mutum sun shaida. Watau tsangaya ta daɗe da sanin abin da masana na zamani suke yabawa, cewa ba wanda ya kai abokin sana'a iya duba aikin abokin sana'arsa. A makarantar ilimi ijaza ce take yin wannan aiki: malami ya sa sunansa a kan ɗalibi, ya ɗauki alhakin abin da ya ce ya iya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu cikin 1829, littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu.

To, amma a lura da abin da wannan ma'auni yake aunawa. Yana auna ɗalibi, yana auna malami a matsayinsa na mai riƙe da nassi. Ba ya auna malami a matsayinsa na mai koyarwa. Mutum yana iya zama gwanin da ba a taɓa kama shi da kuskuren wasali ba, alhali kuwa ƙananan yaran da ke zaurensa sun yi wata guda babu wanda ya saurari biyarsu sai wani titibirin da shi ma bai gama gyara bakinsa ba. A da, abin da yake toshe wannan giɓi shi ne idon gari. Uba ya san malam, liman ya san shi, mai unguwa ya san shi, kuma uban da bai gamsu ba yana ɗauke ɗansa ya kai wani wuri. Wannan ido yana aiki a kan yaron da yake kwana gidan ubansa. Ba ya kai wa ga wanda aka ɗauko daga ƙauyen Kibiya aka tafi da shi birni ko gabas, ba a sake ganinsa sai da salla, in an gan shi.

Ita kuwa Islamiyya ta ari kayan awon boko: rajistar kiran suna, jarrabawar zango, maki, na ɗaya da na biyu, takardar sakamako. Amma sau da yawa ta ari riga ne ta bar jiki. Ana cika rajista, ba mai karanta ta. Ana karatu da amshi, aji duka baki ɗaya, ta yadda yarinya za ta shekara tana motsa leɓe a cikin taro ba a gane ba ta iya ba, abin da allo ba ya taɓa bari ya faru. Ranar walimar sauka a fito da 'yan ƙalilan masu zaƙin murya su burge iyaye, sauran su sha anko su karɓi shahada. Makarantar da ta bar biyar allo, ba ta kuma riƙe jarrabawa da gaske ba, ta yi biyu babu.

Abin da tauhidi ya raba

Hujjar masu cewa kada a binciki malami tana da ƙafa biyu, kuma duka biyun daga aƙida suka fito, saboda haka da aƙida ya kamata a amsa su.

Ta farko ita ce ikhlasi. Aikin ibada ne, sakamakonsa yana wurin Allah, shigo da ma'aunin mutane cikinsa buɗe ƙofar riya ne. Akwai gaskiya a nan, za a kuma dawo kanta. Sai dai malaman Sunna sun daɗe da raba abu biyu: niyya, wadda take ɓoye a zuci babu mai hukunci a kanta sai Allah, da zahirin aiki, wanda shari'a ta ɗora wa mutane su duba. Babu shugaban makarantar da yake da ikon cewa malam wane ba don Allah yake yi ba. Amma yana da ikon cewa malam wane bai zo ranar Asabar da Lahadi ba, domin wannan ido ne ya gani. Haɗa biyun nan wuri ɗaya shi ne tushen ruɗanin. Ya zo a ingantattun littattafan hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani sahabi da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya zaunar da shi ya yi masa lissafi, ya kuma hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka ba shi. Tara zakka ibada ce, mai aikin kuma sahabi ne, duk da haka ba a ce a ƙyale shi da niyyarsa ba. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yakan sa a rubuta dukiyar gwamna ranar da aka naɗa shi, yana kuma da mai bincike, Muhammadu ɗan Maslama, da yake aikawa ya duba ƙarar da talakawa suka kawo. A nan gida, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, nasihar da ta ƙunshi wajabcin sa ido a kan ma'aikata. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa malamai 'yan'uwansa ya fuskanta kai tsaye. A cikin Nurul Albabi ya zargi waɗanda suke tara ɗalibai a waje suna karantar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Wannan awo ne na aikin malami, kuma ma'aunin da Shehu ya ɗauka shi ne wa aka bari a baya.

Ƙafa ta biyu ita ce ƙaddara. Buɗi na Allah ne, wani yaro kansa a buɗe yake, wani kuwa ko an fasa kan an zuba ba zai zauna ba, to don me za a kama malami da abin da ba ya hannunsa? Wannan ma magana ce mai nauyi, kuma ita ce ya kamata ta tsara irin ma'aunin da za a yi amfani da shi. Aƙidar Ash'ariyya da ake koyarwa a zaure, ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahini na Sanusi, ta tabbatar da cewa Allah ne mahaliccin ayyuka, ta kuma tabbatar wa bawa kasabu, watau abin da ya nufa ya kuma aikata da zaɓinsa, wanda a kansa ne ake yi masa hisabi. Haka nan ƙa'ida ce sananniya cewa ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Idan aka bi wannan, ba za a tambayi malami me ya sa wane bai haddace ba. Za a tambaye shi sau nawa ya saurari wane a wannan mako, me ya gano yana ba shi wuya, wace dabara ya sake, ya kuma gaya wa uban yaron ko bai gaya masa ba. Manomin Rano ya fi kowa sanin wannan bambanci. Ba ya zargin ɗan ƙwadago don ruwa ya ɗauke, amma yana zarginsa in ya tarar da kunya uku ba a nome ba.

Da an kawar da waɗannan biyun, abin da ya rage shi ne amana. Yaron da aka kai makaranta ajiya ce, kuma shekarun ƙuruciyarsa su ne dukiyar da aka ajiye. Bambancinta da sauran ajiya shi ne in ta salwanta ba a iya ramawa. Ana iya ƙiyasta girman abin da lissafi mai sauƙi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Makon makarantar allo kwana biyar ne, Asabar zuwa Laraba. In aka cire hutun salla da na azumi da makonnin da gona ta ci, aka bar mako 40 a shekara, kwana 200 ke nan. Yaron da ya iya haɗa baƙi, yana samun rabin sumuni a rana, zai sauke cikin ƙasa da shekara biyar. Ba kowane yaro ne zai yi haka ba, ba a kuma ce dole ne ba. Amma in aka tarar da zaure guda wanda yawancin yaransa sun shekara bakwai suna kewaya izu goma, to tambaya ta wajaba, kuma ba ƙaddara za a tambaya ba.

Abin da fiƙihu ya tsara

Abin mamaki shi ne mazhabar da ake bi a wannan ƙasa ita ce ta fi sauran yin bayani a kan wannan batu. Imamu Malik ya halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, a lokacin da magabatan Hanafiyya suka hana, kafin na bayansu su sassauta. Da zarar an halatta lada, to an shiga babin ƙulla yarjejeniya, da haƙƙi a kan kowane ɓangare. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu cikin 996, wadda babu zauren ilimi a Rano da ba a karanta ta, ta ambata a babin ciniki cewa babu laifi a yi sharaɗi da malami a kan sai yaro ya ƙware. A Hausance jinga ke nan, saɓanin biyan wata wata. Ana wuce wannan wuri a karatu kamar ba da makarantar da ake zaune cikinta yake magana ba.

Kafin Risala ma, Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 870, ya rubuta Adabul Mu'allimina, ɗan littafi a kan ladubban masu koyar da yara, Alƙabisi kuma, wanda ya rasu cikin 1012, ya faɗaɗa shi. Wanda ya karanta su zai ga kusan takardar sharuɗɗan aiki ce. Malami ba zai shagala da wani aiki nasa a lokacin karatu ba. Ba zai aiki yara biyan buƙatunsa ba. Zai daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Zai ware lokaci sananne a mako don bitar abin da aka karanta, aka ba da misali da yammacin Laraba da ranar Alhamis. Horo a kan karatu ba zai wuce bulala uku ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da ake iya gani a ƙirga, kuma kowannensu ya taɓa wani ciwo da aka sani a makarantun ƙasar Hausa, musamman batun aike da aikin gonar malam, da batun dorina. Masu neman ma'aunin da malamai ba za su kira baƙo ba, ga shi nan ya fi shekara dubu yana jira.

Sai dai a yi hattara da jinga. Ingila ta gwada biyan makarantu bisa sakamakon jarrabawa daga 1862, ta yi watsi da tsarin kafin ƙarshen ƙarnin, domin malamai sun koma cusa wa yara abin da mai duba makaranta zai tambaya kawai. Irin wannan haɗari yana nan tattare da musabaƙa. Tun da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato ta fara gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa cikin 1986, tajwidi da hadda sun sami ci gaban da ba mai musunsa, har a ƙauyuka. Amma in kofin musabaƙa ya zama shi kaɗai ne abin da ake auna makaranta da shi, malami mai wayo zai zaɓi yara biyar ya tsare su dare da rana, ya bar saba'in suna hamma. A nan ne tsoron masu maganar riya yake tabbata. Maganinsa shi ne a koma ga ma'aunin Shehu, a fara dubawa daga na baya: yaron da ya fi kowa rauni a ajin, ina yake a farkon zango, ina ya kai a ƙarshensa.

Yadda za a iya yi

Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ya ware babi a cikin Ihya'u a kan yadda mutum zai bi da ransa kamar yadda ɗan kasuwa yake bi da abokin tarayyarsa. Ya fara da musharaɗa, watau gindaya sharaɗi tun da safe, sai muraƙaba, sa ido yayin aiki, sai muhasaba, lissafi bayan an gama, sa'an nan matakan gyara su biyo baya. Ba sai an nuna kamannin wannan da tsarin Drucker ba. Bambancin shi ne a wurin Gazali mai binciken farko shi ne mutum a kan kansa, saboda sanin cewa Allah yana ganinsa, wanda shi ne ma'anar ihsani. Ma'aikacin da idon shugaba kaɗai yake tsoro, aikinsa yana tsayawa ne daidai inda idon ya tsaya, kuma babu jami'in Hukumar Kula da Makarantun Alƙur'ani da Islamiyya ta Jihar Kano da zai iya kasancewa a kowane zaure na Kibiya da asuba. Binciken waje taimako ne ga na ciki, kamar yadda sahun jam'i yake taimakon mai kasala.

A aikace abin bai buƙaci kuɗi mai yawa ba. A farkon zango shugaban makaranta da malami su zauna su rubuta inda kowane yaro yake da inda ake fatan ya kai, da kwanakin da malam zai tafi gona da wanda zai tsaya masa, tun da an san zai tafi, ɓoyewar ce take ɓata abin. Rubutawa ba rashin yarda ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, tsakanin muminai. Sa'an nan a ari tsarin darasu a ɗora shi a kan koyarwa: malaman makarantu uku ko huɗu na gari ɗaya su riƙa kai wa juna ziyara, baƙon ya ɗauki yara da ka, ba waɗanda aka zaɓar masa ba, ya saurari karatunsu. Alaramman da ya saba a gyara masa madda a gaban jama'a bai kamata ya ji nauyin a ce masa yaran bayan zaurensa suna buƙatar kulawa ba. Ga makarantun matan aure da 'yan mata kuma, mata ne ya kamata su yi wannan zagaye, kuma akwai abin koyi a tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu cikin 1864, inda jajis suke zuwa wurinta su karɓi karatu su koma ƙauyuka, su sake dawowa.

Yadda ake faɗin sakamako shi ma shari'a ba ta bar shi ba. Ibnu Rajab ya rubuta ɗan littafi musamman a kan bambancin nasiha da kunyatarwa. Malami a ƙauye ba shi da jarin da ya wuce mutuncinsa, shi ne yake limanci, shi ne yake raɗa suna. In aka ci gyaransa a gaban ɗalibai ko a dandali, an karya abin da ake so a gyara. Saboda haka gyara a keɓe, yabo a fili. Amma akwai iyaka. Inda abin ya kai ga cutar da yaro, kamar duka mai raunatawa ko barin yara da yunwa ko abin da ya fi haka muni, rufa asiri ya zama haɗa baki. Imamu Nawawi ya lissafa wuraren da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki har da kai ƙara wurin mai iko da gargaɗin jama'a daga cuta.

Ɗaya tafin ma'aunin

Ma'auni tafi biyu gare shi, kuma yawancin masu zancen auna malamai tafi ɗaya suke kallo. Kuɗin Laraba da aka gada sadaka ce ta neman albarka, ba a taɓa nufin ta riƙe gida ba. Abin da yake riƙe malami a da shi ne zakkar hatsi da damin da maƙwabta suke kawowa da kaka da gayyar da ake yi masa a gona. Waɗannan sun ja baya, ba a kuma maye gurbinsu da wani abu tsayayye ba. A Islamiyyu da yawa abin da ake ba malami a wata sunansa ma alawus ko ihsani, don kowa ya san bai kai a kira shi albashi ba, kuma yakan makara. Gwamnatoci sun yi yunƙuri iri iri: shirin tsangaya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau daga 2003, makarantun almajirai na Gwamnatin Tarayya da aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato cikin 2012, hana bara da mayar da almajirai garuruwansu cikin 2020, da hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa cikin 2023. Mafi yawan hankalin waɗannan ya tafi ga gini da manhaja da bara. Tukunyar malamin ƙauye ba ta cika shiga lissafi ba.

Addinin da ya wajabta wa ma'aikaci kyautata aiki shi ne ya wajabta a biya shi haƙƙinsa a kan kari, ya kuma kira jinkirin mai hali zalunci. Saboda haka takardar da za a rubuta a farkon zango sai ta ɗauki sharuɗɗan ɓangare biyu. A gefe guda kwanakin malam da yawan biyar da zai saurara, a ɗaya gefen ranar da kwamiti zai biya, da yawan yaran da ba za a wuce ba a aji ɗaya, da alkawarin iyaye na sakin yara su zo a kan lokaci ko da ranar kasuwa ce. Ranar lissafi kuma a karanta duka biyun. Kwamitin da yake bin malami bashin kwana huɗu na fashi, shi kuma malam yana bin sa albashin wata uku, sai ya fara sauke nasa kafin ya buɗe rajista.

A nan masarauta tana da abin yi wanda ofishin ilimi ba zai iya ba. Hakimi da dagaci da mai unguwa sun san gonar kowa da abin da ya girba. Shari'a ta san waƙafi, ƙasar kuma ta san gayya. Gona guda da gari zai ware wa makarantarsa, a nome ta tare, a auna amfanin a gaban liman da mai unguwa, a rubuta buhu nawa aka samu da inda kowane ya tafi, za ta ba malami damar zama a kan buzunsa da safiyar damina, ta kuma ba gari bakin tambayarsa in bai zauna ba.